Ba kowane suna mai "net" ake rubutawa da manyan baƙaƙe ba

Ɗaliban kwamfuta da masu buga takardu a nan Sakkwato sun daɗe suna ɗauka cewa duk sunan tsohuwar hanyar sadarwa manyan baƙaƙe ake yi masa. Ba haka abin yake ba.

ARPANET, wadda ta fara aiki a Amurka a 1969, ta cancanci manyan baƙaƙe, domin ARPA gajarta sunan hukumar da ta kafa ta ne. Haka CSNET ta 1981 da NSFNET da ta biyo baya. BITNET ma, wadda ta haɗa jami'ar birnin New York da ta Yale a 1981, haka ake rubuta ta.

Usenet kuwa daban take. An ƙirƙiro ta a jami'ar Duke a 1979, kuma sunanta kalmomi biyu ne aka manne, shi ya sa yau baƙin farko kaɗai ake girmamawa, ko da yake tsofaffin takardu cike suke da USENET. FidoNet tana da manya biyu, F da N. JANET ta Birtaniya, da aka kafa a 1984, daga baya masu ita suka mayar da ita Janet. Idan zamanin farko kake magana, tsohon rubutun ya fi dacewa.

A adireshin imel fa, kwamfuta ba ruwanta: sunan da ke bayan alamar @, babba da ƙarami duk ɗaya ne gare ta. Mai duba kundin digiri ne zai ja maka jan biro.