Tafarnuwa da darbejiya za su iya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙwai?

Ina kiwon kaji masu ƙwai a bayan gida nan Rigasa, kuma tun ranar da maƙwabciyata ta shigo ta tarar ina wanke mazubin ruwan kaji da ruwan darbejiya tambayoyi suka ƙi ƙarewa, duk wadda ta zo sayen kiret sai ta taho da tata. Shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri ɗaya in amsa.

Wai ƙwai da yake a rufe ruf, ta ina cuta za ta shiga?

Ba a rufe yake ba Hajiya, ido ne kawai ba ya gani. Ɓawon ƙwai ɗaya yana da ƙananan ƙofofi daga 7,000 har zuwa 17,000, ta nan ɗan tsako yake samun iska kafin ya ƙyanƙyashe. Lokacin da kaza za ta saka ƙwan akwai wani siririn rufi da take shafe shi da shi, in kika ɗauki ƙwai da ɗuminsa za ki ji ɗan danshi, to shi ne yake bushewa ya toshe ƙofofin nan. Matsalar ita ce ƙwai da kashi ƙofa ɗaya suke fitowa, saboda haka bakteriya irin su salmonela da ikolai suna iya zama a jikin ɓawon, in rufin ya goge ko ƙwan ya tsage sai su samu hanya.

Hanya ta biyu ta fi ban tsoro. Akwai wata salmonela da ake kira Enteritidis, tana shiga har inda ƙwai yake haɗuwa a cikin kazar, kenan tun kafin a yi ɓawo tana ciki, kuma kazar tana yawonta lafiya ƙalau tana cin abinci, ba za ki ga alamar komai ba. Ba kowane ƙwai ba ne fa, kaɗan ne ƙwarai, amma ba a gane shi da ido ko da wari.

Ita ce mai kawo taifot?

A'a. Dangi ɗaya ne amma ta taifot daga mutum zuwa mutum take bi, ta ruwa ko abincin da ya gurɓace, ba ta zama a jikin kaza. Ta ƙwai gudawa take sawa da murɗar ciki da zazzaɓi, wani lokaci har da amai, tana iya farawa bayan awa 6 ko ta kai kwana 6, yawanci ta lafa cikin mako guda. Amma ga jariri da tsoho da mai juna biyu ba abin wasa ba ce.

To da gaske tsirran namu suna kashe su ko faɗa ce kawai?

Da gaske ne wallahi, kuma wannan ne ɓangaren da yake burge ni. In kika daka tafarnuwa wannan warin mai hawa kai da ke tashi wani sinadari ne alisin, ba ya samuwa sai an daka ko an yanka, tun 1944 aka ware shi a Amurka aka ga yana hana bakteriya yaɗuwa. Kanumfari yana da yujinol, shi ne mai sa dasashi ya yi sanyi in an ɗora a haƙori mai ciwo, yana lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar cutar. Kirfa da citta da daddoya da zogale da bagaruwa da darbejiya duk an gwada su.

Yadda ake gwajin kuwa a ɗakin binciken kimiyya, a shanya ganye a inuwa a niƙa, a jiƙa garin a ruwa ko a etanol, wato wani irin sifirit, a tace. Sai a shuka ƙwayar cutar da aka samo daga ƙwai a wani ɗan faranti mai abinci kamar daskararren kunu, a huda 'yan ramuka a ɗiga ruwan tsiron, a ajiye a zafin digiri 37 kwana ɗaya. Washegari farantin ya yi dusu-dusu da bakteriya, amma kewayen ramin da maganin ya yi aiki za ki ga fili tas kamar an share, sai a auna faɗinsa da rula. Sau da yawa wanda aka jiƙa a etanol ya fi na ruwa ƙarfi, kuma salmonela da ikolai sun fi wasu bakteriya taurin kai saboda suna da ƙarin fata ta waje da ke tare magani.

Kenan in jiƙa ƙwaina a ruwan tafarnuwa shikenan?

Don Allah kar ki yi. Faranti daban kicin daban, a can an san ƙarfin abin da aka ɗiga kuma kai tsaye ya taɓa ƙwayar cutar, ke kuwa ba ki san ko naki ya kai ba, tafarnuwar bana ma ba lallai ta yi ƙarfin ta bara ba, ga shi alisin ba ya jimawa musamman in ya ji wuta. Sannan wadda take can cikin ƙwan babu ruwan ganyen da zai kai gare ta. Abin da ya fi damuna shi ne jiƙawar kanta, tana wanke rufin nan da na faɗa, kuma in ruwan ya fi ƙwan sanyi abin da ke ciki yana ɗan tsukewa ya zuƙo ruwan dattin ta ƙofofin, kin ga garin neman gira an rasa ido. In ƙwai ya ɓaci da kashi a goge shi a bushe, in kuma dole sai an wanke to da ruwan ɗumi, a lokacin da za a fasa shi.

To ina amfanin tsirran kenan?

A gona. Mu masu kiwo mun san yadda ake ɗura wa kaji antibayotik ba likita ba lissafi, kaza ta ɗan yi tari an zuba a ruwa, kuma a ci gaba da sayar da ƙwan ba a jira kwanakin da aka rubuta a jikin leda ba. Haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani har ranar da yaro zai kwanta a asibiti a ba shi ya ƙi ji. Tarayyar Turai tun 2006 ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara musu girma, daga nan ne neman madadi a tsirrai ya ƙara ƙarfi, wasu suna gwada haɗa su a abincin kaji, wasu fesawa a ɓawon ƙwan da za a kai injin ƙyanƙyasa. Ni dai darbejiya ta tsaya min a wankin mazubi bayan na riga na cuɗa da sabulu, ba na ba kaji su sha a kan ƙiyasi. Mai son haɗa wani abu a abinci ya fara ganin likitan dabbobi, ga mu kusa da Zariya, akwai tsangayar likitancin dabbobi ta ABU ga kuma NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika. Ingila ma da salmonela ta tayar musu da hankali a 1988, abin da ya kawo musu sauƙi daga baya rigakafin kaji ne da tsaftar gona.

Ɗanyen ƙwai da Maltina da madara na ƙarin jini fa?

Wannan kam ina roƙo a bari, ballantana mai jego da mai ciki da aka fi haɗa wa. Jiki ya fi cin moriyar dafaffen ƙwai a kan ɗanye, kuma wuta ce kaɗai ke kai wa ga cutar da ke ciki, zafin digiri 71 yana gamawa da salmonela, a gida ma'aunin shi ne fari da kwaiduwa duk su daskare. In kin aika yaro wajen mai shayi ki ce a soya ya soyu, kar a bar tsakiya da ruwa-ruwa. Fasasshen ƙwai da ake karyar da kuɗinsa a kasuwa kuwa, irin wanda ƙuda ke bi a ƙasan kiret, ni ko kyauta ba na ba mai yara shi.