Hazon hunturu a Kaduna: me tauraron ɗan'adam ke gani?

Daga Nuwamba zuwa Maris, akwai safiyar da mai tsaye a gadar Kawo ba ya iya hango nesa saboda hazo. Yawancinmu ƙura muke kiransa gaba ɗaya. Hotunan da ake ɗauka daga sama sun nuna abu biyu ne a cakuɗe, ƙura da hayaƙin ƙunar daji, kuma wutar da ke haifar da hayaƙin mu muke kunna ta da hannunmu.

Daga ina ƙurar take tasowa?

Babban tushenta shi ne kwarin Bodele a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farin gari mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta nufo mu. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso arewacin Najeriya. Wani kaso yana ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon.

Ta yaya ake bin sawunta?

Taurarin Meteosat na Turai suna nisan kusan kilomita 36,000, suna juyawa daidai da juyin duniya, don haka kullum Afirka na gabansu. Na'urarsu mai suna SEVIRI tana ɗaukar hoto duk minti 15. Wajen ganin ƙura, ba hasken rana take dogara da shi ba, zafin da ƙasa da iska ke fitarwa take aunawa, shi ya sa ko cikin dare tana aiki. Idan aka haɗa hoton, ƙura kan fito da launin ruwan hoda, daban da gajimare. Jera hotunan kawai za ka yi, ka ga ta tashi, ka ga inda ta dosa.

To, hayaƙin fa?

Nan ne abin ya fi damuna. Taurarin Terra da Aqua na hukumar NASA ta Amurka, waɗanda aka harba a 1999 da 2002, da na'urar VIIRS da ta fara tashi a 2011, suna gano wurin da zafi ya wuce ƙima, su sa masa jan ɗigo a taswira. Ka buɗe FIRMS, shafin intanet na NASA mai nuna taswirar gobara, a watan Disamba ko Janairu, ka dubi kudancin jihar nan da dazukan Birnin Gwari da maƙwabtanmu Neja da Filato, za ka tarar da ɗigo birjik. Manomi na share gona, mafarauci na koro gafiya, makiyayi na neman sabon toho. Kowa da hujjarsa, amma hayaƙin duka cikin ƙirjin yaranmu da tsofaffinmu yake sauka.

A hoto ana bambanta su. Hayaƙi kan yi toka-toka mai sirkin shuɗi, da jela da ke komawa ga wutar da ta haife shi. Ƙura kuwa fari-fari ce ko ruwan ƙasa. Tauraron Sentinel-5P na Turai, da aka harba a 2017, yana auna iskar guba da ƙuna ke fitarwa, wadda ƙura ba ta da ita. Da irin waɗannan na'urori aka bi hayaƙin gobarar Kanada a 2023 har Turai.

Duk jan ɗigo gobara ce?

A'a. Wutar masana'anta ma kan fito.

Akwai abin da ke kuɓuce wa tauraron?

Akwai. Gajimare na rufe masa ido, ƙaramar wutar da ta mutu kafin ya gifta ba ta shiga lissafi. Sannan daga sama yake leƙowa: yana iya ganin ƙura mai kauri alhali tana can sama, ba a daidai hancinmu ba. Dole sai an haɗa da na'urorin auna iska da ke nan ƙasa, kuma muna buƙatar ƙarinsu a Kaduna.

Me mutumin gari zai yi da wannan?

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da gargaɗin hazo, kuma shafin FIRMS da na Worldview, inda NASA ke nuna hotunan tauraron ɗan'adam, kyauta ne ga mai waya da data. Mai asma ya tanadi maganinsa da takunkumi tun kafin ƙurar ta iso. Direban da zai kama hanyar Zariya da asuba ya san abin da ke gabansa. Abin da nake roƙo shi ne gidajen rediyonmu su riƙa karanta gargaɗin da Hausa kowace safiya a lokacin hunturu, masu unguwanni kuma su hana cinna wa daji wuta a ranakun da aka ce ƙura na tafe.