Waiwaye: Gado, Garkuwar Jiki da Ciwon Hanta

A unguwannin Hausawan Legas irin su Agege da Idi-Araba, mutane da yawa ba sa sanin suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta sai ranar da aka gwada su wajen ba da jini ko gabanin aure. Daga nan tambaya takan taso: me ya sa 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, za su gamu da cuta iri ɗaya, jikin ɗaya ya kawar da ita, ɗayan kuma ta zauna masa har hantarsa ta taurare ko ta kamu da sankara?

Masana sun daɗe suna bin sawun wannan tambaya. Baruch Blumberg, likita ɗan Amurka, yana nazarin bambancin jinin al'ummomi ne lokacin da ya ci karo da alamar ƙwayar hanta nau'in B, ya kuma wallafa binciken a 1965. Da farko ma ya zaci abin gado ne, saboda yadda yake yawaita cikin dangi. An gano nau'in C a 1989.

Hujja mai ƙarfi cewa gado yana da hannu a yadda jiki ke yaƙar cutar ta fito daga Afirka ta Yamma. A 1995, Mark Thursz da abokan aikinsa suka nuna cewa a Gambiya, masu ɗauke da wani samfurin ƙwayar gado mai suna HLA-DRB1*1302 sun fi saurin kawar da nau'in B. Aikin ƙwayoyin HLA shi ne su ɗauko ɓarɓashin ƙwayar cuta su nuna wa dakarun garkuwar jiki, kuma kowane samfuri akwai ɓarɓashin da ya fi iya riƙewa, shi ya sa garkuwar wani take gane abokin gaba da wuri, ta wani kuma take makara. Abin lura a nan shi ne, ita ƙwayar nau'in B ba kasafai take kashe ƙwayoyin hanta da kanta ba. Doguwar fafatawar da garkuwar jiki take yi da ita ce take barin tabo, shekara bayan shekara.

A 2009 aka sami sakamako biyu. Masana a Japan suka alaƙanta HLA-DP, wani rukunin ƙwayoyin HLA, da zaman nau'in B a jiki, a Amurka kuma aka gano cewa bambanci kusa da ƙwayar gado ta IL28B yana nuna wanda allurar intaferon, maganin da ake amfani da shi a lokacin, za ta warkar daga nau'in C. Samfurin da ke taimakawa ya fi ƙaranci a jikin 'yan asalin Afirka, abin da ya bayyana kusan rabin tazarar waraka da aka daɗe ana gani tsakanin baƙaƙe da fararen Amurka. Zuwan sababbin magungunan sha irin su sofosbuvir daga 2013, waɗanda ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, ya rage muhimmancin gwajin IL28B matuƙa.

A ganina, kuskure ne a ɗora wa gado dukkan laifi. Jaririn da ya kamu da nau'in B lokacin haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 cutar takan zauna masa, alhali a babba bai kai kashi 5 ba. Barasa da gubar aflatoksin, wadda ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, suna ƙara haɗarin sankarar hanta. Nijeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara a 2004, amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar. Abin da ya fi damuna shi ne, mafi yawan manyan binciken ƙwayoyin gado an yi su ne a kan Turawa da mutanen gabashin Asiya, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, don haka abin da aka gani a Tokyo ba lallai ne ya dace da majinyacin da ke jiran likita a asibitin koyarwa na Idi-Araba ba.