Lafawa a narkakken ƙarfe mai zama gilashi

Lafawa ita ce yadda ƙwayoyin zarra na narkakken ƙarfe ke sake zama su nemi natsuwa bayan an canza musu zafi ko an matsa su. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen sanholo a Maradi ya ga rabin zancen, ana zuba ruwan ƙarfen cikin ƙasa ya huce a hankali, ƙwayoyin su samu sukunin jeruwa sahu-sahu. To in aka sanyaya shi da mugun sauri ba sa samun jeruwa, sai su daskare a hargitse kamar na kwalba. Shi ne gilashin ƙarfe, kuma ko bayan ya daskare bai gama lafawa ba.

Tarihi

A 1960 Pol Duwez da Klement da Willens suka fara samar da shi a jami'ar Caltech ta Amurka, haɗin zinariya kashi 75 da silikon kashi 25, sai da suka sanyaya shi da saurin wajen digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa, abin da ya fito kuwa ɗan falle ne siriri. Wajen ƙarshen shekarun 1980 Akihisa Inoue na Jami'ar Tohoku a Japan ya samo haɗe-haɗen da ba sa buƙatar wannan gaggawa, sannan kusan 1992 Johnson da Peker suka haɗa Vitreloy 1 mai ƙarfe biyar, mafi yawansa wani ƙarfe ne mai suna zakoniyam, wanda kamar digiri ɗaya a daƙiƙa ya ishe shi. Nan ne fa aikin ya yi daɗi, don ruwan na jimawa bai jeru ba har a samu a auna shi a tsanake. Lissafin da ake bayyana lafawar da shi ma ya girmi ƙarfen, tun 1854 wani masani Bajamushe, Kohlrausch, ya rubuta shi.

Ire-irenta

Babbar lafawa ita ce alfa, ƙwayoyi masu yawa na motsawa tare, ita ke sa ruwan ya kwarara. Kamar zuma da hunturu, sanyi na ƙaruwa tana ƙara kauri, sai dai nan kaurin ninkuwa yake yi ba ƙaƙƙautawa. In lokacin lafawar ya kai wajen daƙiƙa 100 sai a ce ya zama gilashi. Zafin da Vitreloy 1 ke zama gilashi kusan digiri 350 ne a ma'aunin Salshiyos.

Ƙaramar ita ce beta, wadda Johari da Goldstein suka bayyana a 1970, ƴan ƙwayoyi ne ke muskutawa a gurbinsu ko bayan daskarewa. In aka ɗumama ƙarfen ƙasa da zafin zama gilashi ƙwayoyin na ƙara matsewa, ya tsufa, sau da yawa ya yi gautsi.

Saɓani

Masana ba su daidaita kan asalin wannan kauri ba. Wasu na dangana shi da ƙarancin fili tsakanin ƙwayoyi, wasu da motsin haɗin gwiwa.

Amfani

Ana yin cikin taransifoma da siraran fallayen gilashin ƙarfe.