Babbar manhajar kwamfuta ta sha'awa

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, irin su Windows ko Android na waya. Ta sha'awa kuwa ita ce wadda mutum ɗaya ko 'yan tsiraru suke rubutawa tun daga tushe don son ransu, ba kamfani, ba albashi.

Tarihi

A 1987 Andrew Tanenbaum, malamin jami'a a Amsterdam, ya fitar da wata babbar manhaja mai suna MINIX don koyar da ɗalibai. Da ita ne wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yake aiki lokacin da ya fara tasa, kuma a sanarwarsa ta Agustan 1991 shi da kansa ya ce sha'awa ce kawai, ba za ta yi wani girma ba. To ita ce Linux, yau ita ke cikin yawancin sabobin intanet, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, kuma a kanta aka gina Android ɗin da ke hannun kowa a kasuwar Gujungu ko Wudil.

Sauran ba su kai can ba amma ba a banza suka tafi ba. ReactOS ta samo asali wajen 1996, burinta ta riƙa buɗe manhajojin Windows, har yanzu tana matakin gwaji. Haiku ta taso a 2001 don raya wata babbar manhaja mai suna BeOS bayan kamfaninta ya durƙushe. MenuetOS da KolibriOS kuwa ƙanƙantarsu ta sa suna shiga faifan filofi guda mai megabait 1.44. Terry Davis ya shafe kusan shekara 10 shi kaɗai yana gina TempleOS, har da yaren rubuta manhaja nasa, ya rasu a 2018, shekarar da Andreas Kling ya fara SerenityOS wadda daga cikinta burauzar Ladybird, manhajar buɗe shafukan intanet, ta fito.

Yadda ake farawa

A tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tashi da zarar an kunna na'ura, aikin farko da za ka rubuta bait 512 ne kacal (bait ɗaya kamar harafi ɗaya ne), na'ura ta karanta su ta miƙa wa manhajarka ragama, daga nan kai za ka koya mata komai, yadda za ta rubuta harafi a allo, ta ji an danna madanni, ta raba ma'adana tsakanin ayyuka. Galibi da yaren C ake yi, a gwada a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, don kar a lalata kwamfutar gaske. Inda yawanci ake tsayawa shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, kowane katin wayifai ko sauti da nasa.

Muhawara

Wasu na cewa ɓata lokaci ne tunda ga Linux kyauta, gara a taimaka mata. Wasu na cewa wanda ya gina tasa ko ƙarama ce ya san cikin kwamfuta fiye da mai haddar hando, kuma wannan maganar tana da ƙarfi sosai.

A Kano da Jigawa

Ga ɗalibin kwamfuta da ya dawo hutu ƙauye daga Dutse ko Kazaure, tsohuwar laftof ta isa ya fara gina tasa, data ma sai ranar sauke kayan aiki. Babbar matsalar wuta ce, sai an kai caji shagon mai sola.