Koya wa Yaranmu Fahimtar Abin da Maƙwabci Ya Gaskata: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malaman Makarantar Lahadi suke yawan yi a ikkilisiyoyinmu na ƙauyukan kudancin Kano, wajen Sumaila da Tudun Wada da Rogo, duk lokacin da aka ce a koya wa yara su san yadda wasu suke kallon duniya, su kuma auna shi da koyarwar Littafi Mai Tsarki.

Mece ce mahangar rayuwa, kuma ina ruwan yaron ƙauye da ita?

Amsoshi ne da kowane mutum yake yawo da su a zuciyarsa, ko bai taɓa furta su ba. Wa ya yi duniya, kuma yana kusa da mu ko ya yi nisa? Mene ne mutum? Me ya lalace har muke shan wahala? Ina maganin? Ina za a je bayan mutuwa?

A ce damina ta kama, an yi shuka, sai ruwa ya ɗauke a watan Yuli, gero ya fara naɗe ganye. Liman zai tara jama'a a filin idi a yi sallar roƙon ruwa, a yi istigfari, a fitar da sadaka. Tsohon Bamagujen da ke can ƙarshen unguwa zai ce an saɓa wa iskoki, sai an yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya. Malamin gona zai ce ai hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta faɗa tun farkon shekara cewa za a sami tsaikon ruwa, laifin wanda bai shuka iri mai saurin nuna ba ne. Fasto kuma zai kira azumi da addu'a. Yaronmu zai ga duk huɗun a mako guda, a kan gona ɗaya. Ya riga ya fara kwatantawa. Abin da ya rage shi ne ko akwai babba a kusa da zai taya shi.

Ba za mu ruɗa yaran ba? Kada garin koyarwa su bar bangaskiya.

Wannan tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba. Amma a duba inda yaran suke. Suna jin kiran salla sau biyar a rana, abokan wasansu 'yan Islamiyya ne, rediyo na wa'azi, waya kuma tana kawo musu muhawarar Facebook da TikTok har cikin ɗaki. Ranar da yarinya ta tafi makarantar kwana, a daren farko za a tambaye ta me ya sa Kiristoci suke cewa Allah yana da ɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye bayin Allah daga sanin tunanin wasu ba. Musa ya koyi duk hikimar Masarawa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 7:22 ya nuna. Daniyel da abokansa sun yi karatun Babila shekara uku, abincin sarki suka ƙi, ba makaranta ba. Wanda ya fi dacewa da malami ya zauna a kansa shi ne Bulus a Atina, a Ayyukan Manzanni 17. Kafin ya buɗe baki sai da ya zaga gari ya dudduba wuraren ibadarsu, har ya ga bagaden da suka keɓe wa allahn da ba su sani ba. Ya yi muhawara da masana falsafar Girka, wato Abikuriyawa da Sitokiyawa, ya kawo maganar mawaƙansu na kansu a matsayin shaida. Duk da haka bai rage komai ba, ya ƙare da tuba da tashin Yesu daga matattu. Wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya.

Sharaɗi ɗaya ne: a fara da na gida. Yaron da bai iya faɗin abin da shi ya gaskata ba, bai kai kwatance ba tukuna. A ganina 'yan firamare a cika su da labaran Littafi Mai Tsarki da haddar ayoyi, a bar kwatance sai sun shiga ƙaramar sakandare.

Da wanne za a fara?

Da Maguzanci. Mutane sukan yi mamaki, suna zaton Musulunci ne na farko, amma yawancinmu a wannan yanki jikokin Maguzawa ne. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala tun kafin Wangarawa su kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma Maguzawa sun ci gaba da zama a karkara suna biyan jiziya. Bishara ta zo a makare. A 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller sun iso Kano, Sarki Alu ya sallame su, Turawan mulki kuma suka daɗe suna hana mishan aiki a masarautu. Sai a shekarun 1930 aka bar 'yan ƙungiyar mishan ta SIM su kula da kutare a wurare irin su Yadakunya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Ke nan tsakanin yaranmu da tsafin gida, sau da yawa kaka ɗaya ne ko biyu.

Bamaguje bai musanta Allah ba. Ya san shi ne ya yi sama da ƙasa, sai dai ya ɗauka ya yi nisa, ba ya shiga harkar yau da gobe. Iskoki ne a kusa, su ke kawo ciwo da haihuwa da albarkar gona, su ake lallashi da jini da giya. A wannan tunani babbar matsalar mutum ba zunubi ba ce a gaban Allah mai tsarki, a'a, ƙarfi ne da ya fi nasa wanda dole ya san yadda zai zauna lafiya da shi.

To, a tambayi ɗalibai: wannan tunani ya mutu ne, ko ya canja riga? Mai bin da yake sa Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashi don kada mayu su zo, bai buɗe shi ba tun Ista, me ya raba shi da mai laya? Matar da take Zumuntar Mata ran Talata, ran Laraba ta kai jaririnta wurin boka fa? Wanda yake sayen man addu'a da kuɗi yana jin man ne ke aiki? Laifi tudu ne. In yara suka fara ganin baƙon tunani a cikin gidansu, ba za su je wa na maƙwabci da girman kai ba. A nan ake karanta Kolosiyawa 2:15 da Markus 5, inda Yesu ya umarci aljannu suka fita ba tare da an yanka ko kaza ba.

Yaya za a koyar da Musulunci ba tare da ƙarya ko zagi ba?

Doka ɗaya nake ba ɗalibai: ba ka da izinin cewa ba ka yarda da abu ba, sai ka iya faɗinsa yadda mai shi zai ji ya ce, “Haka yake.” Dokar hana shaidar zur da ke Fitowa 20:16 ba ta ware maƙwabci Musulmi ba. Mu ma mun san zafin a ce muna bauta wa alloli uku alhali ba haka muka gaskata ba. To, kada malami ya ce Musulmi suna bauta wa Ka'aba ko wata. Da kwanon da kake so a auna maka hatsi, da shi za ka auna wa wani.

A fara da inda aka haɗu: Mahalicci ɗaya, ranar hisabi, Ibrahim da Musa da Dawuda, da haihuwar Isa daga Maryamu ba tare da namiji ba, wadda ke cikin sura ta 19 ta Alƙur'ani. Sannan a zo inda aka rabu, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Suratul Ikhlas ta ce Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Mu muna shaida Yesu Ɗan Allah ne, ba ta hanyar aure ko jiki ba, Kalma ne da yake tun fil azal ya zama mutum. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe Isa ba, ba a gicciye shi ba. A wurinmu gicciye da tashinsa su ne tushen bishara. Musulunci ya koyar cewa Adamu ya tuba an gafarta masa, kowane jariri ana haifarsa da tsarkin fiɗira, ba mai ɗaukar laifin wani. Romawa 5:12 kuwa ta ce zunubi ya shigo ta mutum ɗaya ya game kowa, shi ya sa muke bukatar Mai Ceto, ba mai tunatarwa kaɗai ba.

Akwai wurin da malamanmu suke yawan zamewa. Sukan ce Musulmi ayyukansu kawai suke dogara da su. Musulmin da ya yi karatu zai ce a'a, ba mai shiga Aljanna sai da rahamar Allah. Bambancin yana kan tushen gafarar: su suna fatan rahama tare da awon ayyuka a mizani, mu muna cewa an riga an biya bashin a kan gicciye, kamar yadda Kolosiyawa 2:14 ta bayyana.

Aikin gida mai amfani shi ne a aiki ɗalibi wurin dattijo Musulmi da gidansu suke mutunci da shi. Ya durƙusa ya gaida shi, ya ce, “Baba, a makaranta aka ce mu tambaya, me Musulunci ya ce game da abin da ke faruwa bayan mutum ya rasu?” Ya saurara, ya rubuta, ya karanta masa abin da ya rubuta, ya ce, “Baba, na faɗa daidai?” Ya yi godiya ya tashi. Ba gardama aka aike shi ba.

Karatun boko fa, ba ya rushe labarin halitta?

A babbar sakandare za su haɗu da Lamarck da Darwin, masanan da suka ce halittu sun samo asali ne ta hanyar sauyawa a hankali daga wasu halittu, a darasin nazarin halittu, jarrabawar WAEC da NECO kuma tana tambaya. Su karanta, su iya, su ci. Darwin ya fitar da ra'ayinsa a 1859, kuma masu bi na ƙwarai sun sha bamban kan yadda za a fahimci kwanakin halitta na Farawa 1. Abin da za a nuna wa yaro shi ne iyakar kimiyya: tana bayyana yadda hadari yake haɗuwa, ba ta da awon da za ta ce babu wanda ya tsara shi. Mai cewa babu komai sai abin da ido ya gani, shi ma imani ya yi. Don haka a yi addu'ar ruwa, a kuma shuka iri mai saurin nuna.

Ni dai abin da ya fi ba ni tsoro ba Darwin ba ne. Tunanin da waya ke koyarwa ne dare da rana, cewa darajar mutum ita ce abin da ke aljihunsa. Shi ke kai samarinmu shagon caca ta ƙwallo da kuɗin taki. Shi ma a sa shi a allo a yi masa tambayoyin nan biyar.

Wannan ba zai sa su ce duk addinai ɗaya ba ne?

In an koyar daidai, akasin haka zai faru. Ko dai an gicciye Yesu ko ba a gicciye shi ba, ba zai yiwu duka biyun su zama gaskiya ba. Musulmi mai riƙo da addininsa ma ba zai yarda a ce duk ɗaya ne ba. Yahaya 14:6, inda Yesu ya ce shi ne hanya da gaskiya da rai, tana nan yadda take. Girmama mutum daban, yarda da maganarsa daban.

A Kano muke. Ba za mu jawo wa yara fitina ba?

Dole a yi hattara. Kano da Jigawa suna aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kuma magana ɗaya kan Annabi Muhammadu ko Alƙur'ani tana iya cin rai da gari. A gaya wa yara ƙarara: ba zagi, ba ba'a, ba tura saƙon raini a WhatsApp na aji ko da wani ne ya rubuto. Takarda mai rubutun Larabci in an tsinta, a miƙa wa Musulmi da ladabi. In aka tsokane su, su yi shiru su kai wa babba. 1 Bitrus 3:15 ta ce a zauna a shirye don ba da amsa ga mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi.

Wurin wannan darasi coci ne da gida. A makarantar gwamnati malami ya tsaya kan manhaja. Iyaye kuma su san cewa sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Makarantun ƙauye da yawa ba su da malamin darasin addinin Kirista, don haka nauyin yana kan ikkilisiya.

Ba mu da littattafai. Da me za mu koyar?

Allo da alli sun isa. A ja layi huɗu a tsaye: Maguzanci, Musulunci, masu cewa babu komai sai duniya, da Littafi Mai Tsarki. A gefe a jera tambayoyin biyar, a ɗauki guda ɗaya kowace Lahadi. Kada malami ya cike gurbin da kansa. Yara su kawo abin da suka ji a wurin ta'aziyya, a kasuwa, a bakin rijiya, a tattauna inda kowace magana ta dace. Layin Littafi Mai Tsarki kuwa ba a rubuta komai a ciki sai da sura da aya, yaron ya buɗe ya karanta da bakinsa. Inda aka yi shakkar abin da Musulunci ya ce, a bar gurbin fanko har mako mai zuwa, a je a tambayo.