Waiwaye: wasiƙun mata da miji a yaƙin basasar Ingila

In ana labarin yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na ɗaya da majalisa, kullum sai dai ka ji fagen daga da dawakai, alhali babban kason wahalar yana cikin wasiƙun da ma'aurata suka riƙa aika wa juna. Maza sun tafi, wasu Landan, wasu sansanin soja, an bar mata da gida da gonaki da 'yan haya da bashi.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Brilliana Harley. Mijinta Robert ɗan majalisa ne yana Landan, ita kuma tana gidansu na Brampton Bryan a Herefordshire, inda yawancin masu faɗa a ji 'yan bayan sarki ne. Kafin yaƙi wasiƙunta cike suke da addu'a da maganar lafiya da abincin da take aika wa ɗanta Ned a Oxford, amma da abu ya rikice sai ka ga 'yan haya sun daina biya, ana kwashe mata dabbobi, tana neman shawarar maigida ta zauna ne ko ta tashi. A Yulin 1643 sojojin sarki suka yi wa gidan ƙawanya kusan mako 7, matar nan ta ƙi miƙa wuya. Sun janye a Satumba, a Oktoba rashin lafiya ta ɗauke ta, maigidan yana can Landan. Wallahi abin da ban tausayi.

Ita kanta wasiƙar fa haɗari ce, don ana tare 'yan aike a hanya a buɗe, shi ya sa da yawa suka koma rubutun sirri. Ko sarki bai tsira ba, bayan an ci shi da yaƙi a Naseby a 1645 majalisa ta kama wasiƙun da ke tsakaninsa da matarsa Henrietta Maria ta buga kowa ya karanta, aka ga yana neman sojoji daga waje.

Sai Mary Verney, mijinta Ralph yana gudun hijira a Faransa an riƙe musu dukiya, ita ce ta koma Ingila a 1646 da ciki tana bin ofis-ofis, suna musayar wasiƙu da sunayen ɓoye. Jaririn da ta haifa a can bai rayu ba. An sakar musu dukiyar a 1648, ta koma wajen mijinta, ta rasu a 1650.